Likkafanin Inna da Bai Isa Gida Ba

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata firamare a Samaru, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da kaifin baki. Maigidana mutum ne mai sanyi, ba ya zaman majalisa, jarabarsa ɗaya ce, mota. Yana da wata tsohuwa ƙirar Jamus mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Kusan duk Asabar yana Sabon Gari wajen bakanike, yau a canza salansa, gobe a canza wani abu. Turbon ne kaɗai bai taɓa ba, wanda motar ta zo da shi ne. Sai dai ya sa wani maɓalli da ake murɗawa a ƙara iskar, da ɗan agogo kusa da sitiyari mai nuna yawanta.

Wata rana ya ari jan farcena ya ja layi a gilashin agogon. Ya ce turbon kamfani yana da iyakarsa, in allura ta tsallake layin nan iska mai zafi kawai zai riƙa turawa har inji ya ƙone, balle da rana tsaka, ko da lodi, ko da man da ba a yarda da shi ba. Na yi ta yi masa tsiya cewa ya sayi gudu ya kulle a akwati.

Inna, mahaifiyata, tana zaune a ƙauyenmu can bayan Maƙarfi. Da ta dawo daga aikin Hajji ta kawo wani farin yadi da ta jiƙa da ruwan Zamzam, ta ba ni ajiya, saboda a ɗakinta gara ba ta barin komai. Ta ce da shi take so a rufe ta, kuma ni ta zaɓa don ba ni da mantuwa.

Cikin bazara, da hantsi, yayana ya kira ya ce Inna ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Na ɗauko yadin. Muka biya Zabi muka ɗauki gwaggonnina biyu da kayansu, gidajen mai duk layi ne, muka sayi galan wajen 'yan bumburutu, sannan cunkoson Kwangila ya riƙe mu. Da muka wuce Dogarawa hanya ta buɗe, amma shi yana ta lallaɓa allurar a ƙasan layinsa. Na ce ya taka. Ya ce za mu isa, rana ta yi zafi, mota ta yi nauyi, kuma bai yarda da man ba. Sai na ce masa da uwarsa ce ke kwance da bai tsaya kallon jan farce ba. Ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin.

Motar ta zabura, muka riƙa wuce tireloli, har da wata tsohuwar bas ta 'yan garinmu da su ma za su jana'izar. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Ba mu yi nisa ba muka fara jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai wani fito mai tsawo, sai hayaki ya turnuƙe bayanmu. Motar ta mutu a inda babu gida babu inuwa. Motocin haya duk cike suke, bas ɗin ma ta wuce ba su lura da mu ba. Da ƙyar na samu ɗan acaɓa, na hau da yadin a ƙirjina.

Na isa na tarar maza suna dawowa daga maƙabarta. Yayana ya ce sun jira gwargwadon iko, liman ya ce haƙƙin gawa ne a gaggauta, sai suka yanko yadi wajen telan garin. Mutanen bas ɗin nan kuwa da su aka yi salla.

Malamai sun faɗa min ba yadi ke kai mutum Aljanna ba, na kuma yarda. Amma amana ce, ban sauke ba, kuma ban ga fuskarta ba. Wannan yana ci na har yau. Maigidana bai taɓa tayar da maganar ba, ya sayar da gangar jikin motar ya koma hawa babur.

Masu ƙara wa turbo iska, ku tsaya inda aka ce ku tsaya, ku kuma sani iyakar da ta yi daidai da sanyin safiya ba ita ce ta rana tsaka da lodi da gurɓataccen mai ba. Masu zama a gefen direba kuma, ku riƙe bakinku in ya ce ya san motarsa. Yadin yana nan a ƙasan akwatina, na nuna wa 'yata inda yake, na ce mata ranar tawa ta taho da shi a hankali.