Farin Dutsen da Ya Warkar da Ƙafar Lawali

Wannan abu da zan ba ku labari wallahi ni ya faru da ni, ba wani ya faɗa mini ba, kuma har yanzu in na tuna sai yawu ya taru mini a baki, in nemi inda zan tofar. Shekarun baya ne, lokacin ina sana'ar hoto a Gummi, kafin daji ya gagari shiga. Hoton biki da suna shi ne abincina, amma abin da raina yake so daban ne. Da sanyi ya kama, bayan an kwashe amfanin gona, sai in rataya kyamara in bi duwatsu ina ɗaukar tsuntsaye da birai da rema masu shan hantsi a kan fa. Mutane har dariya suke yi mini, wai wane ne zai sayi hoton biri. Kuma ina da wani kwaɗayi na banza, duk hoton da na gani a waya na duwatsun ƙasashen Turawa da dusar ƙanƙara ta lulluɓe su fari fat, sai in ji dama ni na ɗauka.

Ina da aboki Lawali, ɗan kabu-kabu, shi yake kai ni ƙauyuka a babur ɗinsa. A shekarar salansar babur ɗin ta ƙona shi a sha-raɓa, ya raina abin, ya ci gaba da aiki, har mikin ya zama gyambo. Ba zan ɓoye muku ba, in na hau bayansa sai na juya fuska gefe saboda wari. A asibiti an riga an gaya masa in ƙafar ba ta canja ba yanke ta za a yi daga gwiwa, kuma kun san ɗan kabu-kabu ba ƙafa an gama da shi da iyalinsa.

Wata safiya ya zo shagona ya ce, "Mai hoto, ƙanƙarar nan da kake mutuwar so, akwai ta nan ƙasarmu. Bayan Nasarawa Burkullu akwai wani dutse, kansa fari tas." Na ce ya daina raina mini hankali. Ya rantse. Na ce to da wannan ƙafar za ka hau dutse? Ya ce in na riƙa shi zai hau.

Muka yi sammako cikin sanyi mai sa yatsu su ƙage, muka bi hanyar ƙasa har muka hango shi, kuma wallahi gaskiya ya faɗa. Dutse ne baƙi, amma samansa fari sol, rana tana dukansa yana ƙyalli, daidai abin da nake gani a waya. Daɗi ya kama ni har na manta da warin ƙafar.

A gindin dutsen akwai rugar wani dattijo, Baffa Jaɓɓi. Muka gaishe shi, ya sa aka ba mu nono. Da ya ji hawa za mu yi sai ya ce tun kakanninsu in saniya ta mutu ba a yanka ba, nan suke jan mushen su ajiye a gindin dutsen, su juya, washegari ko kofato ba a samu. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai mai miki cikinku? Mai miki ba shi hawa. Ko saniya mai gyambo ba mu biyowa da ita ta nan." Kafin in buɗe baki Lawali ya ce, "Babu, Baffa." Ya sa dogon wando da safa, ya zuba turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ni a zatona tsohon yana tausayin wahalar hawa ne kawai.

Muka fara hawa, Lawali yana dafe da kafaɗata yana nishi, ni ina tsayawa ina ɗaukar fili, gonakin da aka girbe da shanu can ƙasa ƙanana. Da muka kusa sama sai wani wari ya tare mu, mai hawa kai, wanda ya danne na Lawali gaba ɗaya. Na taka farin nan sai ƙafata ta nutse har idon sawu. Jama'a, ashe kashin ungulu ne. Dutsen gaba ɗaya kashi ne, na tsoho ya bushe a ƙasa, sabo yana malala a sama, da gashi da guntayen ƙasusuwa a ciki. Ƙanƙarar da na baro Gummi dominta ke nan. Na ji kamar in cire ƙafar in jefar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ungulu ta yi shekaru da ɓacewa a yankinmu, masu neman kanta don asiri sun ƙarar da ita, ko a mahauta ba ka ganin ɗaya. Na ɗaga kai, sama tas, ko tsuntsu guda babu. Amma kashin da ke cikin takalmina da ɗuminsa.

Na juya in ce wa Lawali mu sauka, sai na gan shi ya zauna daɓas cikin ƙazantar, ya naɗe wando, yana warware bandeji a hankali. Na ce, "Kai Lawali, mi kake yi haka?" Sai ya miƙe ƙafar a kan dutse, gyambon a buɗe, baƙi da kore, mugunya tana tsatsa.

Sai na ga inuwa. Inuwar fukafukai manya tana zagayawa a kan farin dutsen, tana ƙara yawa tana ƙara matsowa, na sake duba sama ba komai. Na ji iskar fiffike a fuskata, na ji saukar abu mai nauyi, tim, tim, a gefena, har kashin yana fallatsa mini a wando. Sai shaidar ƙafafu mai yatsu ta riƙa fitowa a cikin farin, tana tafiya wajen Lawali. Na kama salati amma bakina ya ƙi ƙarasawa.

Da idona na ga ruɓaɓɓen naman ƙafarsa yana ɗagowa da kansa, ya ja kamar roba, ya tsinke, ya ɓace. Ga ƙarar tsattsaga, ga ƙarar haɗiya. Shi kuwa ya lumshe ido kamar wanda ake yi wa tausa. Wani abu mai ɗumi ya faɗo mini a kafaɗa ya gangara cikin rigata, nan na durƙusa na amayar da nonon Baffa duka. Na yunƙura zan ja shi, ya buge hannuna ya ce, "Bar su su gama. Don wanga na zo." A lokacin na gane ba don hotona ya kawo ni ba, sandar dogarawa ya mayar da ni. Ya san labarin dutsen tun tuni, mai riƙa shi kawai yake nema.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Inuwar ta watse, ƙafar ta koma jan nama tas, ba ko ɗigon jini. Ya sauko da kansa ba tare da ya dafa ni ba. Baffa Jaɓɓi yana ganinmu ya dubi ƙafar, ya ɗauke ƙwaryar da Lawali ya sha nono ya fasa ta a kan dutse, ya shige bukka. Rigar nan na ƙona ta, takalman na bar su a hanya. Hotunan da na ɗauka a sama kuwa, farin dutse ne da Lawali yana murmushi da inuwa kewaye da shi, na goge su ranar.

Ƙafa ta warke, ba a yanke ba, ya koma kan babur ɗinsa, kowa yana cewa ikon Allah. Ni dai na daina hawa bayansa.

Da sanyi ya zagayo Innarsa ta aiko a kira ni. Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, don Allah mi kuka yi bisa dutsen nan?" Ta nuna mini ɗakinsa. Tun daga ƙofa na toshe hanci. Nama ne ya rataye a igiya, ya yi kore, ƙudaje sun rufe shi. Ta ce ba ya cin sabon yanka, sai ya ajiye ya yi haka, kuma ko wuta ba ya bari a nuna masa. Muna tsaye ya shigo, gashin kansa ya zube har wuya, yana tafiya kafaɗu a ɗage. Ya yi murnar ganina, ya ba ni hannu. Ranar ƙofar shago ta ɗan yanke ni a yatsa, abin da bai kai a ɗaure ba. Sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya karkata wuya ya kafa wa yankan ido ɗaya, ya sunsuna, sannan ya ce, "Wanga bai nuna ba tukuna."

Na fizge hannuna na fita, ban sake taka gidan ba. Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, ba wanda ya gamsar da ni. Kyamara tana nan amma dutse na bar shi har abada, kuma duk sanyi kafaɗar nan tawa sai ta riƙa tashi da warin nan, komai sabulun da na sa.

Shawarata gare ku, in makiyayi ya ce kada a hau wuri, ku tambaye shi dalili kafin ku ɗaga ƙafa, kuma ku san wanda kuke riƙawa ya hau. Ni yanzu ko ƙaya ce ta soke ni, sai na wanke na ɗaure kafin in fita daga gida, domin Lawali yana nan yana kabu-kabu a garin, kuma duk lokacin da ya wuce ƙofar shagona sai ya rage gudu.