Tumatirin Baba da Kofin Gilashin Inna

Shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Bagega, Inna ta tayar wa Baba da ƙayar baya har sai da ya bar haƙar zinari. Ya dawo Gummi ya kama lambun tumatir a fadama, da sharaɗin in lambu bai ciyar da mu ba, zai koma rami.

Tumatir ya yi kyau har Baba ya fara tafiya da gadara. Sai wata rana gindi guda ya yi yaushi da azahar, ganyensa kore shar, da safe kuma ya miƙe kamar ba shi ba. Baba ya ce ƙishirwa ce, ya sakar masa ruwa. Ruwan ya bi layi, yaushi ya bi ruwan. Ƙanen Inna ya ce bakin mutane ne, ya rataye tsohon takalmi a sanda. Takalmin ma akuya ta cinye shi.

Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Baba ya kira malamin gona zaurenmu. Malamin ya yanka karan tumatir, cikinsa ya yi ruwan ƙasa, ya ce a kawo ruwa a kofin gilashi. Kofin gilashi ɗaya ne a gidanmu, yana cikin jeren Inna, ko mu da ta haifa ba mu taɓa shan ruwa da shi ba.

"Kohin aurena za a ba tumatir ruwa?" in ji Inna daga bayan ƙyaure. "Mi ad da kwanon sha?"

Da ƙyar ta bayar. Malamin ya tsoma karan, muka zuba ido. Wani farin zare ya rinƙa sauka daga yankan kamar an ɗiga nono. Ya ce ƙwayar cuta ce, tana cikin ƙasa, ba ta da magani, sai a tuge a ƙone.

Na san abin da ke biye. Bayan la'asar Baba ya shiga neman digarsa ta haƙar zinari, ya birkice ɗaki bai gan ta ba.

"Malam, daina wahal da kanka," in ji Inna, tana goge kofinta. "Tun ran da ganyen hwarko ya kwanta na kai ma maƙeri ita. Hauya biyu ta yi. Malamin gona ya ce masara ba ta kamuwa da cutar ga."