Gida Mai Taya da Ya Ƙi Tsayawa Daidai

Jiya da dare na yi wani mafarki, Yaya Rabi, har yanzu raina a jagule yake. Na kira ki da safe ba ki ɗauka ba, shi ne na ce bari in rubuto miki tun ban fara mantawa ba.

Kin san Baban Ummi da aikinsa na haƙar rijiyar burtsatse, yau yana wannan gari gobe yana wancan. Duk sanda na yi ƙorafin ba ma ganinsa, sai ya yi dariya ya ce wata rana zai saya mana gida mai taya, irin wanda yake gani a sansanin masu aikin titi, ya ɗaura a bayan mota mu riƙa binsa. To shi aka kawo mini a mafarkin.

Da hantsi ne, ina wanki a tsakar gida na ji ana ta danna hon. Na fita da kumfa a hannuna, na tarar da wata akori-kura ta jawo shi har ƙofar gida. Fari fat, sabo dal, ko ledar tagoginsa ba a ɓare ba. Direban wani dogon mutum ne da ban sani ba. Ya kwance shi daga ƙugiyar motar, ya miƙo mini wani lanƙwasasshen ƙarfe ya ce, "Da wannan ake sauke ƙafafunsa."

Na ce, "Malam, maigidan ba ya nan. Ka tsaya ka nuna mini mana."

Ko kallona bai yi ba, ya shiga motarsa ya tafi.

Kin san ƙuncin layinmu. Abin ya toshe hanya gaba ɗaya, masu babura sun yi cirko-cirko, mai ruwa ya tsaya da kurarsa yana kallona. Ba wanda ya kama mini. Na sa kafaɗa ina turawa ni kaɗai.

Sai kawai na gan mu a wani fili. Kamar filin bayan makarantar da nake koyarwa, amma ga rafin garinsu Inna yana wucewa ta gefe. Ummi tana tare da ni cikin kayan makaranta. Inna ma tana nan, a kan tabarmarta, ta miƙe ƙafar nan tata mai ciwo, tana tsinkar zogale a faranti.

Na durƙusa na fara aiki. Ƙafafu huɗu gare shi, kowace kusurwa ɗaya. In na zura ƙarfen na juya, sai ƙafa ta sauko a hankali har ta taɓa ƙasa. Na sauke ta gaba, na zagaya na sauke ta baya, ina dawowa na tarar ta gaban ta koma sama. Na sake saukewa. Gidan ya karkata hagu. Na gyara hagu, ya karkata dama. Gumi har cikin idona, zanena duk ya yi ƙasa. Na ce, "Inna, duba mini, ya miƙe?" Ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Da na gaji na ce bari in shiga in gani. Yaya, ciki ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ga gadonmu, ga ɗan gado a sama wanda Ummi ta haye nan take tana murna, ga murhun gas, ga famfo da wurin wanke-wanke, har da labule ruwan toka irin wanda na daɗe ina so. Sai ƙamshin sabon abu. Na ji daɗi, na ce ashe Baban Ummi da gaske yake.

Na ɗora tukunya. Ina sakin ta ta zame ta tafi ƙarshen teburi. Na dawo da ita, ta sake tafiya. Haka na riƙe ta da hannu ɗaya, na buɗe famfo da ɗayan. Ruwa bai zo ba. Sai ƙarar injin haƙa ke fitowa daga ciki, can ƙasa kuma muryar Baban Ummi, yana cewa, "Kun taso?"

Na sa bakina a famfon na ce, "Ina za mu taso, gidan ma ya ƙi tsayawa! Wace ƙafa ake fara saukewa?"

Ya sake cewa, "Kun taso?" Daga nan ƙarar injin ta rufe shi.

Sai kawai azahar ta yi. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas, kafin in ta da kabbara gidan ya juya a hankali, ranar da ke wannan taga ta koma waccan. Na gyara darduma, ya ƙara juyawa. Na fito da ita waje raina a ɓace.

Nan na tuna Inna tana cikin rana tun ɗazu. Akwai rumfar tamfol a naɗe a jikin gidan, na jawo ta don in yi mata inuwa. Tana ta warwaruwa, tana ta warwaruwa, ta rufe ciyawa, ta rufe har bakin rafi, amma daidai inda Inna take zaune rana ce tar. Na ce, "Inna, taso mu shiga ciki." Na kama ta muka zo bakin ƙofa. Matakalar da na taka ɗazu ba wahala, yanzu ta kai mini ƙirji. Na nemi kujera 'yar tsugunno, na nemi bulo, ba abin da ya kai. Inna ta zare hannunta daga nawa, ta koma tabarmarta.

Haushi ya ishe ni. Na ga turminmu a yashe a cikin ciyawa, na mirgino shi na cusa a ƙarƙashin kusurwar da ta fi damuna, na sauke sauran ƙafafun da dukkan ƙarfina. Sai gidan ya tsaya cak. Na leƙa ta taga, tukunya tana zaune a kan murhu ba ta motsi. Na zauna a ƙasa ina haki, na ce alhamdu lillahi.

Ban gama rufe baki ba na ji hon. Direban nan ne ya dawo da baya da baya. Ya sauko ya maƙala gidan a ƙugiya. Na ce, "Malam, yanzu fa na gama daidaita shi. Wa ya aiko ka?" Ya ja mota. Ƙafafun ko naɗe su bai yi ba, suna ta kartar ƙasa, turmi ya gangara cikin rafi. Ummi tana taga tana ɗago mini hannu, ba kuka take ba, dariya ma take. Na yunƙura in bi su, na tuna Inna. Na juyo wajen Inna, na tuna Ummi. Na kasa gaba, na kasa baya. Ina tsaye a tsakiya da ƙarfen nan a hannu, ina ta kiran Inna ta duba ta ga abin da ake yi mana, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba.

A nan na farka, ana kiran assalatu, kafaɗata ta dama tana ciwo kamar da gaske na yi aikin.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Shekaranjiya Baban Ummi ya kira, ya ce kamfaninsu ya ba shi zama na dindindin a can kudu, har da gida, yana so mu koma da zarar an yi hutun makaranta. Na ce masa zan yi tunani. Ban gaya wa Inna ba, don na san ba za ta bar garin nan ba, ke kuma kina aure nesa, ba mai kai ta asibiti sai ni. Ranar Juma'a zai zo jin amsa.

Don Allah, Yaya, ki gaya mini gaskiya. Tunanin da na kwanta da shi ne kawai ya biyo ni, ko wani abu ake nuna mini? Kuma shirun nan na Inna, izini ne ta ba ni in tafi, ko fushi ne?