Ƙuli-ƙulin da na ɓoye wa Ogana

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili in ba da labarin abin da ya same ni a ƙasar Qatar, kuma don Allah a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru, ni mai wanke tukwane ne a wani gidan abinci da ke unguwar Al Gharrafa a birnin Doha. Ɗan mahauta ne ni gaba da baya. A gaban tukubar babana na tashi, a bakin tashar garinmu, tun ina ɗauko masa itace har na iya tsira nama a tsinke ido rufe. Da zan taho, ejan ya ce min aikin gadi zan yi, har na fara hango kaina cikin yunifom. Ina sauka aka miƙo min soso da safar hannu. Ban yi musu ba, domin na bar mata da yara da tsohuwa a gida, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san zamanka yana rataye ne da kafil, wato kamfanin da ya kawo ka. Ranar da ya ce ya gama da kai, sai ka fara tunanin jirgi.

Shugaban kicin ɗinmu wani dattijo ne mutumin Siri Lanka, gajere, yana ɗan ɗingishi, ga faɗa a kan tsafta kamar ya ari baki. Sauran ma'aikata Shef suke ce masa, ni kuwa Oga na saba. Yana da wata al'ada da ban taɓa gani a wajen wani shugaba ba. Duk ranar da ciniki ya yi sauƙi, sai ya ware nama da kayan miya ya ce wani a cikinmu ya dafa mana abincin garinsu. Ba ruwansa da ko kai kuku ne ko mai shara. Dokarsa ita ce ba a yi wa girkin kowa dariya, wanda ya yi kuwa shi zai kankare tukunyar. In abin ya lalace, shi ne zai amsa tambayar masu sito. Na sha ganin ya zauna ya cinye abin da ni ko da yunwa ba zan iya kai wa baki ba, yana tambayar mai girkin me ya so ya fitar tun farko.

Na daɗe ina zillewa, har ranar da ya ritsa ni a bakin famfo ya ce gobe ni ke da girki. Na ce tsire zan yi. Na sayi barkono da citta da kanunfari a kasuwar Abu Hamour, kusa da inda muke kwana. Ƙuli-ƙuli kuwa wani direba ɗan garinmu da ya dawo daga hutu ya kawo min tsaraba. A ɗaki na daka yajina na zuba a kwalba. Da Oga ya ɗanɗana, sai ya miƙa hannu ya ɗauki tsinke na biyu, sannan ya tambaye ni me da me na haɗa. Na lissafa masa komai, na bar ƙuli-ƙuli. Haka aka koya min. Babana ko a gaban yaransa juya baya yake yi in zai haɗa yaji, kuma ya sha ja min kunne cewa in an matsa min da tambaya in faɗi rabi in riƙe rabi. A gida kowa ya san da ƙuli a tsire, amma a nan na lura ba wanda ya gane shi, sai na ji ina riƙe da wani abu da ba wanda yake da shi. Na kuma ji tsoron in na faɗa, kukun da ke kan gashi zai kwaikwaya, ni kuma in koma wa tukwanena. Wallahi a lokacin ban taɓa jin cewa gyaɗa tana cutar da ɗan Adam ba. Mu da aka yaye mu da kunun gyaɗa, ina za mu san haka?

Oga ya je ya shawo kan manajan gidan aka sa tsiren a abincin ranar Juma'a. Ya ba ni farar riga da hula, ya tsayar da ni gaban wuta, duk wanda ya yaba sai ya ce masa ba aikinsa ba ne, ga mai shi can. Kaina ya kumbura sosai, har hotona na tura gida da hular.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gidan ya cika da iyalai, sai na ji hayaniya daga wajen cin abinci. Wata mata ce ta ci tsiren, leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya fara sarƙewa. Ashe jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa ko kaɗan, kuma kafin ta ci ta sa an tambaya, Oga ya aika mata cewa babu, bisa abin da na gaya masa. Allah ya sa tana yawo da allurarta a jaka, mijinta ya caka mata kafin motar asibiti ta iso. Oga ya shigo kicin ya tsaya a gabana, ya tambaye ni a hankali ko akwai gyaɗa a wani abu da na taɓa. Na ce akwai, a cikin yajin. Abin da ya fara yi shi ne ya kira mijin matar ya gaya masa ainihin abin da ta ci don a sanar da likitoci. Sannan ya ce in ajiye abin da ke hannuna, in sha ruwa, kada in yi magana da kowa sai yana wurin.

Washegari aka kira mu ofishin kamfani. Ina tafe ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata in ta gan ni da jaka. Manajan ya riga ya gama magana, ya ce na shigo da kayan waje cikin kicin, na ɓoye abin da ke ciki, khalas, wato magana ta ƙare, a soke min zama. Gaskiya ya faɗa, ba inda ya ƙara. Oga bai musa ko ɗaya ba. Ya ce musu shi ya ce in yi girkin, shi ya ɗanɗana, shi ya bari kwalbar da ba a haɗa a gabansa ba ta shiga kicin ɗinsa, kuma shi ya aika wa matar amsa. Ya ce masu girkinsa duka ya koya musu irin abincin da ke iya kashe wasu mutane, amma ya ɗauko mai wanke tukwane ya tsayar gaban wuta bai koya masa ba, saboda haka gibin nasa ne. Ya ce in suka kore ni, gobe ba wanda zai sake kawo sabon abu a kicin ɗin, kuma mafi muni, ba wanda zai sake faɗin gaskiya in an tambaye shi, alhali ni ranar da abin ya faru tambaya ɗaya ya yi min na amsa. Da suka so su yi min tambayoyi ni kaɗai, ya ƙi fita. Daga baya aka ce in jira a waje, suka daɗe a ciki, ya fito ya ce min yalla, wato maza, mu koma aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka ya shafa min kai ne. A mota ya wanke ni tas, har na yi hawaye. Ya tambaye ni dalili, na ba shi labarin babana. Ya ce ya gane, domin tasa uwar ma har ta rasu ba ta gaya wa matarsa haɗin miyarta ba. Amma ya ce min awon haɗin nawa ne, in riƙe abina, sunan abin da ke ciki kuwa haƙƙin mai ci ne. Ya kai ni asibiti mu ba da haƙuri. Matar ta farfaɗo amma ba ta so ganinmu ba, mijin kuma ya saurare mu bai miƙo min hannu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan nan na tsani wutar gashi. Na cire farar rigar na koma wa tukwanena, na ƙudurta ba zan sake buɗe baki a kan komai ba har in gama zamana. Oga ya ƙyale ni na ɗan lokaci. A tsakanin nan ya tara mu duka, har masu shara, aka koya mana abubuwan da jikin wasu ba ya ɗauka, su gyaɗa da riɗi da madara da jatan lande. Wata rana ya zo ya kashe famfon da nake wanki, ya ce sauran ma'aikata ni suke kallo, in na ɓuya su ma za su ɓoye abin da ke kansu, kuma bai tsaya a ofishin nan don ya samu mai wanke tukwane ba. Tsiren ya dawo da wurin gashinsa daban, an rubuta gyaɗa ɓaro-ɓaro a gefensa, ana haɗa yajin a kicin a gaban kowa. Daga baya na gwada dambun nama ya fito kamar igiya, ya ci abinsa ya ce in sake gwadawa.

Ba a daɗe ba aka mayar da Oga babban kicin ɗin kamfanin da ke Mesaimeer, inda ake dafa shinkafar leburori a manyan tukwane. Ya ce mana shi ya nema saboda ƙafarsa, muka yarda. Sai da aka kwana biyu direban da ke kawo mana kaya ya gaya min gaskiya. Ashe Oga aka shirya bai wa sabon reshen da za a buɗe, abin da ya daɗe yana jira. Ranar da aka ce in jira a waje, an ce masa lallai sai wani ya ɗauki hukuncin abin da ya faru, ya ce a ɗora masa. Na samu ranar hutu na je na same shi cikin tururi, yana juya shinkafa da wani ƙaton ludayi. Na fara magana, ya katse ni ya ce direban nan surutu ya yi masa yawa, sannan ya tambaye ni ko na taɓa gwada tsire da naman raƙumi.

Edita, abin da ya sa na rubuto ke nan. 'Yan'uwana da ke fita aiki ƙasashen waje, ku sani abin da muka saba da shi a gida ba kowane jiki ke ɗauka ba, kuma sirrin sana'a yana da iyaka. Duk abin da zai shiga cikin wani, ko zai taɓa lafiyarsa, kada ku riƙe rabi. Saura kaɗan in yi ajalin matar da ko fuskarta ban taɓa gani ba, saboda tsoron kada a ƙwace min wuri. Ku kuma da Allah ya ɗora a kan mutane, ba faɗin ku kawo shawara ne ke sa ma'aikaci ya kawo ba. Yana kallon abin da za ku yi ne ranar da shawarar wani ta ɓaci. Tun daga ranar nan ba wanda ya sake ɓoye kuskure a kicin ɗinmu, kuma rabin abincin da ake yabon gidan da shi yanzu daga hannun masu shara da wanke-wanke ya fito.

Ba addininmu ɗaya da Oga ba, ba yarenmu ɗaya ba, kuma ba ni da abin da zan biya shi. Na ba mahaifiyata labarinsa, sunansa ya gagare ta faɗa, sai dai duk wayar da muka yi ta tambaye ni lafiyar mutumin nan da ya tsaya min, ta bi shi da addu'a. Allah ya saka masa da alheri. Har yau ina Gharrafa gaban wuta, yarana suna makaranta, shi kuma yana Mesaimeer yana dafa shinkafar leburori a kan laifin da ni na yi.