Kuɗin Fiton Nibaldo

Yayana Eleodoro Cárcamo masassaƙin jiragen ruwa ne, kuma duk tsibirinmu na Chiloé ba a yi mai taurin kai irinsa ba. Ni Ercilia da muka sha nono ɗaya na faɗa, kowa ya ji haushi ya ji.

Bai taɓa sakin jirgi a ruwa ba sai ya kwantar da ƙwandalar peso a gindin ginshiƙin da ake ɗaura wa ƙyallen iska. Masunta suna cewa ta sa'a ce, tana kawo kifi. Shi kuwa sai ya yi tsaki.

"Sa'ar me? Kakarmu ta ce kuɗin fito ne. Duk wanda ya mutu sai ya tsaya a bakin gaɓa ya kira mai fiton matattu, shi kuma ba ya ɗaukar mutum kyauta. Wanda ya mutu a gado 'yan'uwa za su damƙa masa. Wanda ruwa ya ci fa, wa zai ba shi?"

Ɗansa guda ne, Nibaldo, mai bakin tsiya da dariya kamar gonar auduga. Da ya samu hali ya sayo inji, ya sa aka tumɓuke ginshiƙin jirgin da uban ya sassaƙa masa. Sai ga ƙwandalar, ta yi kore shar. Ina wurin, na kawo musu dafaffen dankali. Nibaldo ya ɗauke ta ya cilla wa uban.

"Baba, riƙe ka sayi taba. Injina ba ya bin addinin kakanni."

"Mayar da ita, ɗan nema!"

"Gwaggo, kin ji yayanki ko? Mutuwa ma sai da kuɗin mota!"

Wallahi har da ni a dariyar. Yaya ya murtuke fuska, ya jefa ta a aljihu. Daga baya ya ce mini nufinsa in ya huce ya je ya kafe ta da ƙusa a ƙarƙashin injin. Fushin Yaya kuwa ba ya sauka da wuri.

Bai kai ga hucewa ba iskar arewa ta taso, Nibaldo kuwa yana tsakiyar teku da jirgin. Ko katako ɗaya ba a tsinta ba.

Tun daga nan Yaya bai ƙara taɓa gizago ba. Ba mutuwar ce ta fi cinsa ba, kowa a nan ya ba teku wani nasa. Abin da ya hana shi sakat shi ne yaron yana can tsaye a gaɓa cikin sanyi, yana ta kira, hannu wayam. Fada, limamin cocinmu, ya yi masa nasiha, ni na yi masa masifa har na gaji.

"Haba Yaya! To jefa ƙwandalar a ruwa mana, ka huta mu huta."

"Teku ɓarawo ne, Ercilia. Ba zai kai masa ba."

Haka ya tsufa da ita a aljihu, yana murza ta har zanen jikinta ya shafe. Tausayinsa ya sha sa ni kuka a bayan murhu, ban dai bari ya gani ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na ɗauko sabuwar ƙwandala zan sa masa a hannun dama. Sai na tarar ya dunƙule hannun a kan tsohuwar.

"Tawa sa a hagu," ya ce da ƙyar. "Wannan ta yaron ce. Yi sauri, ya daɗe a tsaye."