Mai Shela da Jar Akuya

Daga rumfarsa ta hatsi a Ƙofar Taramniya, Tambari yana kallon sabon mai shelar gari. Mutum ne ɗan tsurut, rawaninsa ya fi ƙarfin wuyansa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse har Dundaye ana ji. Da ganin fason dugadugansa ka san ba lungun da yake tsallakewa.

Yana gama isar da saƙon Razdan, babban Baturen mulki, na a yashe rijiyoyi, sai wata tsohuwa, Inna Mariyatu, ta riƙo rigarsa. Akuyarta ta ɓata, ita ke nan gare ta, kuma nononta jikanta yake sha.

"Malam, bakin da ya ɗauko maganar Nasara, shi za ya ɗauki ta akuya?" in ji Tambari, yana dariya.

"Wagga murya ta gari ce, mai hatsi, ba ta Razdan shi ɗai ba."

Ya gyara rawani, ya toshe kunne da yatsa, ya kwarara kamar ɗazu: "Jama'a! Jar akuya mai tsagaggen kunne!"

Sai ga kukanta daga bayan rumfar Tambari. Ashe tun hantsi kanta na cikin taikin geronsa.

Mai shela ya dube shi. "Wannan ma in sanar?"