Mai Faci da Kuɗin Hanya

Tun yana direban bas ake kiransa Anya, don ko ka ce masa gari ya waye sai ya leƙa taga tukun. Ya daɗe yana tuƙi, har ranar da wani rami a bakin mararraba ya karya ƙafar motar, mai ita ya karɓe makulli. Sai ya sayi tsohon injin iska, ya kafa rumfar faci dab da ramin. Da ita ya aurar da 'ya'yansa mata.

Yana cikin ɓare taya rediyo ya ce an yi doka: kuɗin lasin da na rajistar mota da harajin mai, daga yau ba za a taɓa su ba sai don aikin hanya. Ko kai bai ɗaga ba.

Mijin babbar 'yarsa a ofishin lasin yake aiki. Da yamma ya biyo, ya tsuguna ya gaishe shi.

"Baba, wannan karon da gaske ne. Asusu daban aka buɗe."

"Asusun yana da ƙofa?"

"Dole mana."

"Mai riƙe makullin, ba shi da iyali?"

Surukin ya yi dariya. Mai wankin mota da ke gefe ya tsoma baki: "Kai dai faɗi gaskiya, ramin nan ne gonarka. In aka cike shi, me za ka ci?" Maganar ta soke shi, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ranar da wuri ya rufe.

Bayan 'yan watanni tifa ta zube tsakuwa. Anya ya ce irin wadda ake zubewa ce a ɗauki hoto. Kullum da safe sai ya zagaya tulin ya ga ko ya ragu. Bai ragu ba. Sai ga injina sun iso, ma'aikata suka shafa jan fenti a jikin rumfarsa, wai hanya za ta faɗaɗa ta bi ta kanta.

A makon ne ya ga shugaban aikin ya sauko daga sabuwar mota, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ya tare surukinsa.

"Wancan abin, hanya ce?"

Surukin ya sosa ƙeya. "An ce tana cikin kayan aiki, Baba."

"To, madalla. Gobe kuma gidansa zai zama gada."

Ya kwashe kayansa ya koma bayan gidan mai. Aka shimfiɗa kwalta baƙa wuluk, motoci na wucewa ba mai ko rage gudu. Ciniki ya faɗi. Wata safiya ya hau keke ya bi kwaltar, yana tsayawa yana caka sukudireba a gefenta. Kusa da mararraba tana da kauri. Can gaba, bayan makaranta, sai ya ga kamar ta fi siranta, amma bai iya rantsewa ba, kuma wannan ya fi komai cin ransa.

Da ya dawo matarsa ta miƙa masa ruwa ta ce, "Malam, ka kama ɓarawon?"

"Damina za ta kama shi."

Damina ta zo ta wuce. Gefen makaranta ya ɗan zaizaye, aka zo aka liƙe. Sauran na nan. Yanzu Anya ya fi gyaran kekuna da duba iskar taya. Kwanan baya ya ji ana raɗe-raɗin wai za a ranci kaɗan daga asusun a biya albashi, a mayar daga baya. Surukin ya ce ƙarya ce. Anya ya sa an gyara masa eriyar rediyo.